Amon Mazan Jiya a Cikin Gwangwani

Kowane zamani da irin amonsa, kamar yadda kowane gari yake da karin harshensa. Mutumin da ya saba da sauraren tsofaffin fayafayai ba ya bukatar a gaya masa shekarar da aka ɗauki waƙa, domin tun kafin mawaƙi ya buɗe baki kunnensa ya riga ya ba shi labari. A sa masa "Joromi", wadda Victor Uwaifo ya yi a 1965, ko wani faifai na Oriental Brothers na Owerri, ko kuwa wanda 'yan makarantar nan na Ikko da ake kira Ofege suka fitar a 1973, da jin tsirkiyar farko zai ce wannan kiɗan na da ne. Amma a ce masa ya bayyana abin da ya ji, to a nan gizo ke saƙar. Zai ce akwai ɗumi a cikin amon, ko ya ce kauri, ko garɗi, ko wata 'yar dishewa irin ta muryar da ta kwana tana waƙa a gidan biki. Duk waɗannan kalmomi aro ne daga fata da harshe da maƙogwaro, don kuwa kunne matalauci ne wajen kalmomin kansa.

Ni dai a kan irin wannan amo na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne, aiki ya yawata da shi daga Zariya zuwa Kafanchan har Inugu, kuma duk inda ya sauka sai ya ƙara faifai a kan tarin da yake da shi. Na Shata da na Ɗanƙwairo suna nan, a gefensu ga na 'yan Kudu, ana sa su duka a wata katafariyar rediyo mai haɗe da garmaho, wadda sai an kunna ta an jira ta yi zafi kafin ta yi magana. A gaban wannan rediyo na kamu da son jita. Na san akwai masu karatu da za su ce me ya haɗa kifi da kaska, malamin adabi mai shekara 40 da ɗoriya, ga digiri na uku ga iyali, ya ɓuge da tsinkar tsirkiya kamar ɗan koyo a gidan makaɗa. Amsata gajera ce. Na daɗe ina gaya wa ɗalibai a aji cewa rabin ma'anar waƙar baka tana cikin amonta, takarda ba ta iya ɗaukarsa, kuma wanda yake faɗin haka bai kamata ya ji kunyar neman amo da yatsunsa ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, jitar lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce. Ba ta da ƙoƙo irin na garaya ko na goge da zai ɗaga muryarta. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka nannaɗe da siririyar waya ta jan ƙarfe, idan tsirkiya ta girgiza sai wata 'yar wutar lantarki ta taso a cikin wayar, wadda ko kusa ba ta isa ta motsa lasifika ba. Aikin amfilifaya ne ta karɓi wannan 'yar wuta ta kumbura ta har ta zama sautin da zai cika ɗaki. Wato dai amfilifaya ita ce ƙoƙon jitar lantarki, kuma kamar yadda garaya biyu ba sa yin amo ɗaya idan ƙoƙunansu sun bambanta, haka jita ɗaya takan sauya murya gaba ɗaya idan aka sauya mata amfilifaya.

A shekarun 1950 da mafi yawan na 1960, abin da ke yin wannan aiki na kumbura wuta shi ne wasu 'yan kwalabe masu kama da ƙwan lantarki, waɗanda masu gyaran rediyo ke kira bawul. Su ne suke sa rediyon mahaifina ta yi jinkirin magana, domin sai wata 'yar waya da ke cikinsu ta yi ja tukuna. An ƙirƙiro tiransista tun 1947, ga ta ƙarama, ga araha, ba ta zafi, ba ta fashewa, kuma sannu a hankali ta kori bawul daga rediyo da talabijin da kusan kowace na'ura. Makaɗan jita ne suka ƙi sakinsa, dalilinsu kuwa yana cikin yadda abubuwan nan biyu suke yi idan an ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu. Tiransista irin ta farko tana tafiya daidai har ta kai iyakarta, daga nan sai ta datse kan sautin kamar an sa almakashi, abin ya fito da kaushi mai sa haƙori tsami. Shi kuwa bawul lanƙwasawa yake yi a hankali, yana ƙara wa sautin wasu 'yan'uwa a samansa waɗanda kunne yake ji a matsayin kauri. Har ila yau, a cikin da yawa daga waɗancan na'urori akwai bawul ɗin da ke shayar da sauran wuta. Idan makaɗi ya doki tsirkiya da ƙarfi, wutar takan ɗan ja baya na ƙiftawar ido sannan ta dawo, sai amon ya yi kamar mai jan numfashi. Daɗin daɗawa, lasifikar takarda da ake sa wa amfilifayar jita ba ta iya fitar da sauti mai tsananin kaifi. Duk abin da ya haura girgiza 5,000 a daƙiƙa ɗaya tana zubar da mafi yawansa. Wannan kasawa tata ita ke tace ƙaiƙayin amon.

Idan aka lura za a ga duk abin da na lissafa gazawa ce, kuma injiniyoyin wancan lokaci yaƙi suke yi da ita. Leo Fender, wanda sunansa ya zama tambari a wannan fage, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka, bai ma iya kaɗa jita ba, kuma burinsa kullum shi ne amo mai tsafta da ƙarfi. Ƙaramar amfilifayarsa da ake kira Deluxe, ta tsakanin 1955 da 1960, mai ƙarfin wat 15 ko ƙasa da haka, da an ɗan murɗa ta sai ta fara gurnani, shi ya sa ya ci gaba da ƙera manya har ya kai ga Twin Reverb a 1963, mai wat 85, wadda ba ta dishewa da wuri. Yau ga shi gurnanin nan da ya gudu daga gare shi ne mutane suke zuba dubban daloli su saya. A Ingila ma kamfanin Vox ya fitar da AC30 a 1959 ne saboda makaɗa suna kukan ihun 'yan kallo yana danne su. Wasu lokutan kuwa hatsari ne tsagwaronsa. A 1951, a wani ɗakin ɗaukar waƙa a Memfis, an ɗauki "Rocket 88" da amfilifayar da lasifikarta ta lalace a hanya, aka cusa mata takarda aka ci gaba da aiki. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks reza ya sa ya tsattsaga lasifikarsa da gangan. Abin da ake kira amon da, in an bi salsalarsa, kukan na'ura ne da aka matsa mata lamba.

To me ya hana ni sayen irin waɗannan? Duk wanda yake karɓar albashin jami'a ba ya bukatar dogon bayani a kan dubban daloli. Amma ko da kyauta aka ba ni, da sauran rina a kaba. Twin Reverb ta kusa kilo 30, AC30 ma haka ko fiye, ba abin da za a ɗora a bayan babur ba ne. Wadda aka ƙera don Amurka wuta mai bolt 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, sai an nemo mata taransifoma, ga kuma halin wutar tamu ta hawa da sauka. Shi kansa bawul yana tsufa yana mutuwa, masana'antun da suka rage suna yin sa da yawa ba su wuce na Rasha da Silobakiya da Sin ba, kuma da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 sai da ya yi wuya ya yi tsada a duniya duka. Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Amfilifayar bawul ba ta ba da zaƙin nan sai an ɗaga ta sosai, wat 15 kuwa, ko da yake ƙarami ne a takarda, ya isa ya tashi gidajen malamai tun daga farkon layi har ƙarshensa. Ni da nake kiɗa bayan sallar isha'i, bango ɗaya tsakanina da wani farfesa mai hawan jini, ina zan kai wannan?

Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Uwar ɗakina wata 'yar na'ura ce da ba ta fi gwangwanin kifi girma da yawa ba, wadda makaɗa ke kira feda, saboda a ƙasa ake ajiye ta ana taka maɓallinta da ƙafa kamar fedar keken ɗinki. Asalin dabarar ta wani mutum ce mai suna Andrew Barta, wanda ya kafa kamfanin Tech 21 a birnin Niyok, ya fitar da SansAmp a 1989. Tunaninsa shi ne, tunda an san abin da bawul da lasifika suke yi wa sauti, me zai hana a haɗa 'yan ƙananan kayan lantarki su yi masa irin wannan lanƙwasa da wannan tacewa, ba tare da zafi ko nauyi ko ƙara ba? A 2008 kamfanin ya fito da jerin fedoji, kowace tana kwaikwayon gida ɗaya: wannan ta Fender, wannan ta Vox, waccan ta Marshall. Daga baya kamfanin Joyo na ƙasar Sin ya shigo da nasa masu araha, waɗanda kowace ba ta kai dala 50 ba. Akwai wata hanyar daban, ta lissafin kwamfuta, wadda ta yi suna tun da Line 6 suka fitar da POD a 1998, har ta kai yau ana samun irinta a wayar hannu; amma ni ban saba da ita ba, na fi son abin da zan murɗa da yatsa. Guda biyu na mallaka, American Sound mai kwaikwayon Fender da AC Tone mai kwaikwayon Vox, wani ɗalibina ne ya sa yayansa ya samo mini su a kasuwar Alaba.

Kowace tana da mamurɗai shida. Uku na daidaita sauti ne, na ƙasa da na tsakiya da na sama. Ɗaya na ƙarfin fita. Ɗaya na matsa lamba, wato yawan gurnani. Na shidan kuwa, wanda aka rubuta wa kalmar Turanci mai nufin murya, shi ne zuciyar abin. A fedar da ke kwaikwayon Fender, idan aka mai da wannan mamurɗi baya sai tsakiyar sautin ta rame, a sami amo garau mai ƙyalli irin na manyan na'urorin 1960 da wani abu. Idan aka tura shi gaba sai tsakiyar ta cika, amon ya yi ƙiba ya fara haushi kamar Deluxe ta 1957. Wanda yake neman kiɗan hailaif, inda jita biyu ko uku suke saƙa a junansu kamar zaren saƙi, a bayan nan zai zauna. Ni nakan ajiye mamurɗin murya wajen ƙarfe goma, in an ɗauke shi kamar fuskar agogo, na matsa lamba kuma wajen ƙarfe tara, yadda idan na shafa tsirkiya a hankali za ta fito fes, idan na fizge ta kuma ta ɗan tsage a baki. A wannan 'yar iyaka, tsakanin tsafta da dishewa, amon da yake zaune. Yawancin samarin da na ga sun sayi irin wannan feda sukan murɗe komai zuwa ƙarshe, su sami ƙara irin ta injin markaɗe haɗe da huci, sannan su ce kayan Sin ba su da kyau.

Akwai wasu 'yan ƙa'idoji da ba a rubuta su a kwalin ba. Tunda fedar tana ɗauke da kwaikwayon lasifika a cikinta, ba a so a sake zuba ta a bakin wata amfilifayar jita, don tacewar za ta zama biyu, amon ya fito kamar an lulluɓe shi da bargo. Wurinta shi ne miksa, ko lasifikar taro irin wadda ake haya a wurin biki, ko na'urar ɗaukar sauti. Ni ta wata 'yar miksa nake bi da ita zuwa abin sawa a kunne, farfesa yana barcinsa. Mamurɗan daidaita sautin suna da ƙarfi ƙwarai, daga ƙarfe goma sha biyu ake farawa, a ɗan gusa kaɗan a saurara. Batir mai bolt 9 ya fi yawancin 'yan cajojin kasuwa shiru, musamman idan janareta ake amfani da shi. Sannan babu amsa-kuwwa a cikinta, alhali kuwa tsofaffin Fender da yawa suna da wasu mazarin ƙarfe a ciki masu sa sauti ya yi jela, sai an nemi wata fedar ta cike wannan gurbi. Saura kuma yana hannu: a rage ƙarfin jitar daga jikinta, a bar tsirkiyoyi su ɗan kwana biyu kada a riƙa sauya su kullum, a kaɗa da tsokar yatsa.

Shin ana samun amon? Ana samu, fiye da yadda kuɗinta ya nuna. Idan aka ɗauki kiɗan aka haɗa shi da ganga da murya aka sa wa mutum a rediyon mota, ba kowane gwani ne zai rantse a kan abin da aka yi amfani da shi ba. Inda bambancin yake shi ne a jikin makaɗin. Amfilifayar bawul da aka ɗaga tana tura iska, iskar tana dukan jitar, jitar tana mayar da martani, sai abin ya zama hira tsakanin itace da takarda da ɗaki. Jan numfashin nan da na ambata ma a yatsa ake jin sa kafin kunne. Feda tana kawo hoton wannan hira, ba ta sa ka a cikinta. Mai sauraro ba ruwansa, amma mai kaɗawa ya sani.

Akwai kuma abin da ko amfilifayar asali ba za ta ba ni ba. Amon da nake ji a fayafayan mahaifina ya ratsa hannaye da yawa kafin ya iso kunnena. Makirfo ya taɓa shi, tef ɗin da aka naɗe shi a kai ya matse shi, injin yanka faifai ya rage masa ƙasa, allura ta ƙara masa ƙaras-ƙaras, sannan bawul ɗin rediyon gidanmu ya sake dafa shi. Ɗakunan da aka yi aikin ma suna da muryarsu, irin na Decca da ke Abule Oja a Yaba, da na EMI da ke Apapa, inda Paul McCartney ya zo a 1973 ya tarar da na'ura mai layi takwas kacal ya yi faifan Band on the Run da ita. A irin waɗannan ɗakuna sau da yawa ƙungiya gaba ɗaya take kaɗawa a lokaci guda, ganga tana kutsawa cikin makirfon jita, jita tana kutsawa cikin na mawaƙi. Wanda ya sayi Deluxe ta dubban daloli ya samu zobe ɗaya ne daga wannan sarƙa, ni da na sayi gwangwani na samu hoton zoben. Tazarar da ke tsakanina da shi ba ta kai wadda ke tsakaninmu mu biyu da falon mahaifina ba.

Wani abokin aikina, injiniya, wanda ya yi karatu a Ingila kuma yake da tsohuwar amfilifayar bawul da yake ji da ita kamar ɗan fari, ya taɓa ɗaukar fedata ya jujjuya ta ya ce, "Dokta, araha ba ta ado. Wannan ai kwaikwayon kwaikwayo ne." Na ce masa ya ma rage lissafi. Aflatun ya kori mawaƙa daga birninsa ne a kan cewa aikinsu kwafin kwafi ne, wannan kuwa ta zarce nan: Joyo ta kwaikwayi Tech 21, Tech 21 ta kwaikwayi Fender. Sai dai shi Fender ɗin ma daga littattafan da masu ƙera bawul suke bugawa don masu gyaran rediyo ya ɗebo tushen zane-zanensa. Ita kuwa Marshall, wadda abokina yake ambata da girmamawa, amfilifayarta ta farko, JTM45 ta 1962, an zauna ne a wani kanti a Landan aka kwafi Bassman ta Fender kusan waya bayan waya, saboda ta Amurka ta yi wa samarin Ingila tsada. Da yake kayan da suka samu a Ingila ba irin na Amurka ba ne, lasifikar daban, wasu bawul ɗin daban, akwatin ma daban, sai amon ya fito daban, wannan bambanci ne ya zama muryar kiɗan Ingila na shekaru masu yawa. Mu da muke koyar da Magana Jari Ce bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Mun san Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya sa musu riga da hula har suka zama 'yan gida.

Duk da haka maganar abokina ta bar mini ƙaiƙayi a wani wuri da shi bai nufa ba. Imam ya sauya abin da ya ara, Marshall ma ta sauya, ko da ba da niyya ba. Masu buɗe cikin na'urori sun daɗe da nuna cewa waɗannan fedoji masu araha sun bi zanen Barta sau da ƙafa, abin da suka ƙara kawai shi ne sauƙin kuɗi. Ni da nake kayar da ɗalibi idan ya kwafo shafi biyu bai ambaci mai su ba, ba zan ce wannan bai dame ni ba. A ganina wanda yake da hali ya sayi ta mai asalin dabarar, haƙƙinsa ne. Amma ba zan raina sauƙin kuɗi ba, don na ga abin da yake yi. Na ga yaron da kuɗin makarantarsa ma da ƙyar ake haɗawa ya sa jitar aro a cikin wannan gwangwani, ya ji a karo na farko cewa hannunsa zai iya fitar da irin abin da yake ji a faifai. Kafin wannan, abin da aljihunsa zai iya kaiwa gare shi amo ne siriri mai sa mutum ya ajiye jita ya kama wata sana'a.

Kuma in ana maganar gwangwani, Bahaushe ba baƙo ba ne. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zagaya duniya, kuntigi kuwa gwangwani ne da aka rufe da fata aka ɗaura wa tsirkiya ɗaya. Kunnenmu ma tun asali ba mai son amo wankakke ba ne. Makaɗan garaya sukan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan sandar don kowace tsinka ta zo da kacau-kacau, masu ganga suna ɗaura zare a kan fata don ta yi zuza, ga algaita ga kakaki, waɗanda duk daɗinsu yana cikin tsagewar muryarsu. Abin da Amurkawa suka yi tuntuɓe da shi a 1951 ta hanyar lasifika mai rauni, makaɗanmu da gangan suke ƙera shi. Ina jin shi ya sa kiɗan jitar Buzaye na Nijar, irin na Bombino ɗan Agadas da na Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, yake shiga kunnenmu ba sallama. A wuraren biki aka reni wannan kiɗa, da ƙananan amfilifayoyi da aka ɗaga fiye da ƙarfinsu.

A unguwar da ke bayan jami'armu akwai wani dattijo da muka saba, wanda ya kusa shekara 80. A shagon mai gyaran rediyo muka haɗu, ya ji ina waya da Hausa, sai ya gaishe ni da irin Hausar Jos da ba a koyon ta a aji. A can aka haife shi, rikicin 1966 ya dawo da iyayensa Kudu, bayan yaƙi ya shiga ƙungiyoyin hailaif yana kaɗa jita a otal-otal. Ya taɓa mallakar AC30, ta hannu, wadda ya ce ya yi shekara 16 yana ɗauka a ka daga mota zuwa dandali. A 1987, da darajar naira ta zube, ya sayar da ita ya biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta. Yanzu a cocinsu yake kaɗawa ran Lahadi, ana sa masa jitar kai tsaye a miksa, abin da ya ce yana sa ta yi kuka kamar sauro.

Wata Asabar na ɗauki fedar da ke kwaikwayon Vox da 'yar miksata da lasifika na je gidansa. Na jona komai na miƙa masa wayar.

"Baba, gwada wannan mu ji."

Ya dubi abin da ke ƙasa, ya dube ni. "Malam, ina sauran?"

"Ke nan, Baba. Babu saura."

Ya yi dariya har da tari. Bai tambayi abin da aka rubuta a jikin mamurɗan ba, ko tabarau bai sa ba. Ya tsinki tsirkiya ɗaya ya bar ta tana kuka, ya sunkuya yana murɗawa da hannun hagu, ya sake tsinka, ya sake murɗawa, kamar mai neman tasha a rediyo. Ya ɗauki wajen minti biyar a haka. Sannan ya gyara zama ya shiga kiɗa da babban yatsa da manuni, wani salo mai tafiya kamar ruwan rafi, ƙafarsa tana buga ƙasa. Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce masa wani abu da harshensu, ya amsa bai ɗaga kai ba. Daga baya ya gaya mini cewa ta yi, ko ya sayo tsohuwar ne bai gaya mata ba.

Da ya tsaya na ce, "Yaya, Baba? Ita ce?"

"Muryarta ce, Malam," in ji shi. "Amma tawa tana da wari. In ta yi zafi sai ka ji ƙura da fenti suna ƙonewa. Lokacin hunturu, in mun sha kiɗa har ƙarfe uku na dare, a bayanta muke ɗumama yatsu." Ya taɓa fedar da bayan hannu, ya ji ta sanyi ƙalau, ya girgiza kai. Sai kuma ya ce, "Nawa ne kuɗinta?"

Na faɗa masa. Na ce ya riƙe ta kyauta, ya ƙi, ya ce kayan kiɗan da ba a biya ba ba ya jin maganar mai shi. Muka yi ciniki a kan biya uku. Kafin in tafi ya sa na manna filasta a gefen kowane mamurɗi, na ja layi da biro daidai inda ya ajiye shi, saboda yaran cocin, in ji shi, ba sa ganin abin murɗawa su ƙyale. Ya biya kashi biyu, na ukun ya ce sai bayan Kirsimeti.